Ƙofar Shiga Ba Fita

Valparaíso, farkon Agusta

Zuwa ga tsohona Nibaldo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin? Yaya cikin, ya ɗan lafa? Ina fata kana cin abin da suke ba ka, ba wai kana ture kwano kana mitar babu gishiri ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da tarin nan da ya ƙi barina. Saboda shi yau ma ma'aikaciyar jinya ta tare ni a bakin ƙofar ɗakinku. Ta ce, "Kaka, da wannan tarin ba za ki shiga ba, sai ki ƙara mana aiki." Na hango ƙafafunka ta ƙasan labule, na gane su da safar da na saƙa maka. Tunda ka bar na'urar jinka a kan teburin kicin da gangan, wai don kada ka ji abin da likitoci ke faɗa, ko waya na bugo aikin banza ne. Don haka ga takarda. Idanu dai ba ka bar su a gida ba.

Saƙon da ka aiko ta hannunta na karanta. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, ka ɗauki biro ka rubuto mini, "Yaya Almirante yake?" Shi ke nan. Ba yaya kike ba, ba yaya gwiwa ba. Na gode.

To, muzurunka yana nan, kuma ya haukace. Ka san Agusta watansu ne, duk kyanwoyin tudun nan sun hau rufin kwano suna koke-koke kamar an yi musu mutuwa. Shi ma da tsufansa da haƙoransa da suka zube ya shiga sahu. Shekaranjiya ya dawo da kunne a yage, yana rawar ɗari. Na naɗe shi a tawul na kai shi wurin likitar dabbobi, ya yi mini zane a hannu don godiya. Ta ce ƙodarsa ta gaji, in aka bar shi yana kwana cikin ruwan sama ba zai ga bazara ba. Ta ce a tsare shi a gida. Na ce, "Likita, ba ki san maigidansa ba ne. Ƙofa ya yanka masa ta kansa."

Wannan 'yar ƙofar da ka fafe a ƙasan ƙofar kicin, ka rataya mata marfin katako da guntayen tsohon bel ɗinka tana lilo ciki da waje, ita ce ta zame mini ƙarfen ƙafa. Na tokare ta da kwandon dankali, ya ture shi, na wuni ina tsintar dankali a ƙarƙashin murhu. Na jawo tukunyar gas na tare, ya zauna gabanta yana ihu har na ji tausayin maƙwabta na janye. Na yi maka alkawari a bakin motar asibiti cewa za ka dawo ka tarar da shi. Ban manta ba, ina dai neman dabara.

Yanzu maganar da ba ka so. Likita ya sake kirana. Ya ce aikin hanjin ba makawa, kuma kamar yadda aka saba, sai dangi sun kawo masu ba da jini kafin a sa rana. Nibaldo, wane dangi? Allah bai ba mu haihuwa ba. Ni na wuce shekarun bayarwa, ƙanenka ma haka. Fresia maƙwabciyarmu, wadda ita kaɗai ka yarda ta sani, tana da ciwon suga. Sauran mutanen tudun kuwa, kamar yadda ka umarta, na gaya musu ka tafi Quillota wurin ƙanenka.

Na san dalilinka, kada ka ɗauka ban sani ba. Kowace shekara in Agusta ya kama da sanyinsa mai kwashe tsofaffi, kai ne kake tsayawa a kantin Don Heriberto kana tsokanarsa: "Tsoho, da wannan numfashin naka bana ba za ka tsallake Agusta ba." Ranar ɗaya ga Satumba kuma kai ne kake bin gidajen tsofaffi kana buga ƙofa kana ƙirga waɗanda sanyi ya bari. Yanzu da abin ya zagayo kanka, kunya ta hana ka a ji. Amma mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani. Ka ba ni izini in faɗa. Ina jin tsoro, kuma ba na son jin tsoron ni kaɗai.

Ga rigar barci mai tsabta da lemo biyu. Ka ci, kada ka rabar.

Matarka,
Zunilda


Valparaíso, ranar Alhamis

Tsohona,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ka kwana da sauƙi. Allah ya ƙara afuwa. Amsarka ta iso. "A'a." Wannan karon ma ka yi rowar tawada. Taurin kanka da na muzurunka, ban san wanda ya koya wa wani ba.

Ba zan ɓoye maka ba, don ban iya ba. Almirante ya fita tun Litinin bai dawo ba. Na bi matakalar unguwa ina kiran sunansa ina kaɗa cokali a kwanonsa, mutane na leƙowa ta taga suna kallon tsohuwa tana kiran babban hafsan jiragen ruwa a cikin ruwan sama. Ma'anar sunan da ka raɗa masa ke nan, ni nake shan kunyarsa.

Jiya Fresia ta shigo ta tarar da ni zaune a ƙasa gaban 'yar ƙofar, guduma a hannuna. Ta ce, "Maƙwabciya, me za ki yi?" Na ce zan buga mata ƙusa in huta. Ta ce, "Ki rufe ƙofa alhali mai gidan yana waje? A garin nan? Uwata har ta mutu ba ta sa sakata ba in jirgin ruwan babana bai dawo ba." Na ajiye gudumar. Gaskiyarta, kai ma haka kake faɗa tun kana aiki a tashar jiragen ruwa, ba a rufe wa mai dawowa ƙofa.

Ka san Fresia, tun rasuwar mijinta babu abin da ba ta koyi gyarawa ba. Ta durƙusa tana tura marfin da yatsa, ciki, waje, ciki, waje. Can ta ce, "Ai ba rufewa ake so ba. So ake ya shiga, ya kasa fita." Ta koma gida ta dawo da wani siririn katako da ta ɓalle daga akwatin tumatir. Ta buga shi a gindin ramin ta waje, ya ɗan haura leɓen marfin. In aka turo daga waje, marfin ya buɗe zuwa ciki kamar da. In aka tura daga ciki, sai ya daki katakon ya tsaya cak. Na zura hannu na gwada, na sake gwadawa, ina dariya kamar yarinya. Ta ce, "Bel ɗin maigidanki ban taɓa ba, kada ya dawo ya kai ni ƙara." Na ba ta shayi da burodi, muka zauna muna kallon aikinta. Matar nan, Nibaldo, ban san da bakin da zan gode mata ba.

Saura abin da zai jawo shi. Na sauka kasuwa na sayo kawunan kifi irin waɗanda kake kawo masa. Ascensor ɗin tudunmu, akwatin nan mai hawa da sauka da mutane, ya sake lalacewa, yana nan tsaye a tsakiyar hanya, don haka da ƙafa na hau matakalar, ni da gwiwoyina muna zagin juna. Na soya kawunan, na jera su a faranti daga cikin ƙofar, na buɗe taga don ƙamshin ya fita. Da yardar Allah wasiƙa ta gaba za ta zo maka da labari mai daɗi.

Maganar jini ban sake ta ba, ajiye ta na yi. Ka yi tunani.

Taka,
Zunilda


Valparaíso, ranar Lahadi

Nibaldo, maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ka gyara kwanciya, kuma ka riƙe cikinka kada dariya ko fushi su ja maka ciwo. Ban san wanne zai riga zuwa ba.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ni da Fresia mun yi tunanin muzuru ɗaya, mun manta watan da muke ciki. Da safiyar Juma'a na buɗe ƙofar kicin zan ɗora ruwan shayi, sai na ga idanu. A kan teburi, a kan murhu, a cikin kwandon dankali, a saman firji. Kyanwoyin tudun nan kaf sun bi ƙamshin kifi sun shigo, kuma babu wadda ta iya fita. Na fara ƙirgawa na daina. Sun cinye kifin, sun fasa tulun suga, wata ta kwanta a cikin hularka. Wari kuwa kada ka tambaya. Na duba fuska bayan fuska, Almirante ba ya cikinsu. Na zauna a bakin ƙofa ban san lokacin da hawaye ya zo ba.

Da ma zan buɗe musu babbar ƙofa su watse, amma kafin in tashi an fara sallama. Duk wanda ya wayi gari bai ga kyanwarsa ba ya biyo kukan har gidanmu. Malamar makaranta ta gidan shuɗi ta zo da takalmin ɗaka. 'Yan'uwan nan biyu masu gyaran mota suka zo. Matar mahauci ta zo tana cewa, "Ashe nan kika kwana, 'yar banza!" Fresia ta tsaya a bakin ƙofa tana miƙa wa kowa tasa kamar mai rabon burodi, tana cewa, "Ni na yi, ni na yi, ku zage ni." Ba wanda ya zage ta, dariya ta hana.

Sai ga Don Heriberto yana haki, ya zo neman farar kyanwarsa mai tsaron kanti. Ya ɗauke ta daga kan teburi, sai ya tsaya yana kallon abin da ta kwanta a kai. Ya ɗaga na'urarka da yatsa biyu. Ya ce, "Doña Zunilda, mutum ya tafi Quillota ya bar kunnuwansa a kan teburi?" Ya dubi hularka, ya dubi takalmanka na fita a bayan ƙofa. Ya ce, "Da hula, da takalmi. Tsirara ya tafi?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na buɗe baki zan ƙara wata, sai kuka ya riga ni. Na faɗa musu komai, asibitin, aikin, jinin. Ban nemi izininka ba, kuma ba zan ba ka haƙuri ba, don ban ga laifina ba.

Na jira Don Heriberto ya rama tsokanar da ka yi ta yi masa shekara da shekaru. Ya ajiye na'urar a hankali. Ya ce, "Tun yaushe?" Na gaya masa. Ya ce, "Kuma yana can shi kaɗai, jakin banza? Wa ya ɗauko akwatin gawar matata daga saman tudun nan har ƙasa a kafaɗarsa? Wa yake hawo wa tsofaffi da tukunyar gas?" Ya fyace hanci ya ce, "Ki gaya masa, in ya kuskura ya mutu a Agusta, ba zan je jana'izarsa ba. Tsokanar tawa ce bana, ba zai gudu da ita ba."

Shi ya tsufa da bayarwa, amma yana da kanti da baki. Tun ranar ba wanda ya sayi burodi a wurinsa bai sha tambaya ba: "Shekarunka nawa? Ka karya? To sauka asibiti, ka ce don Nibaldo." 'Ya'yansa mata biyu sun je. Masu gyaran mota sun je, ƙaramin ya suma da ganin allura, ya farfaɗo ya ce a ci gaba. Malamar ta je da abokan aikinta. Mahauci ya je yana cewa shi da jini tsofaffin abokai ne. Jiya likita ya ce mini jinin ya isa har ya yi saura, kuma an sa aikin ranar Laraba.

Tun ranar ban dafa komai ba. Da ruwa ya sauko jiya, faranti uku na sopaipillas, wainar kabewar nan, suka shigo gidan nan da zafinsu, kowace mata na cewa nata kabewar ta fi. Na zauna ina ci ina tunanin makonnin da na yi ina gaishe su da murmushin ƙarya. Mutanen nan namu ne, tsohona, mun zauna cikinsu shekaru ba mu san nauyinsu ba.

Shi kuwa Almirante an gan shi. Mai kula da ascensor ya ce kullum da yamma yana zuwa ya zauna a kan bencin tashar sama, inda kake saukowa da ledar kifi. Yana kallon ƙofar akwatin da ba ya motsi, in duhu ya fara sai ya ɓace. Ashe ba mata yake bi ba, na zarge shi a banza. An yi ƙoƙarin kama shi, ya yagi mutum biyu ya haye rufi. Ba zan ce maka yana gida ba alhali ba ya gida. Yana raye, yana jiranka, iyakar abin da na sani ke nan.

Ranar Laraba zan kasance a bakin ƙofa, da tari ko babu tari. Ka shiga da ƙarfin zuciya. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunka.

Matarka mai ƙaunarka,
Zunilda


Valparaíso, ɗaya ga Satumba

Tsohona, abin alfaharina,

Barka da arziki, barka da ganin wannan rana. Ina gaishe ka gaisuwar da ban taɓa yi maka irinta ba. Yaya ɗinkin? An ce jiya ka taka har bakin taga, kuma ka fara faɗa a kan gishiri. Da na ji haka na san ka dawo.

Mun tsallake Agusta, Nibaldo. Tun safe nake faɗa, na faɗa wa Fresia ta katanga, na faɗa wa mai kawo gas, na faɗa wa madubi.

Ranar aikin, da likita ya fito ya ce an gama lafiya, sai na rungume 'yar Don Heriberto da ke tsaye kusa da ni. Kwanakin da suka biyo baya da zazzaɓi ya kama ka ban rubuto ba, don a bakin ƙofar ɗakinku nake wuni. Yanzu da komai ya wuce, bari in ba ka labarin da ma'aikaciyar jinya ta raɗa maka rabinsa, in ma ka ji.

Bayan abin da ya faru da kifi, na ce da Fresia na haƙura da tarko. Ta ce, "Ƙofar ba ta yi laifi ba, maƙwabciya, mu ne muka yi gayyar gari. Kifi na kowa ne. Ki nemo abin da shi kaɗai zai so." Na tsaya ina tunani, sai idona ya faɗa kan tsohuwar rigar sanyinka mai ruwan toka, wadda na yi shekaru ina roƙonka ka bari in jefar, mai warin taba da man inji. Ban wanke ta ba tun tafiyarka, kuma kada ka tambaye ni dalili. Fresia ta ɗauke ta ta kai bencin tashar sama ta goga, ta jawo ta a jikin ƙarfen matakala har ƙofarmu, mutane na kallonta tana cewa, "Ku yi harkarku." Muka shimfiɗa ta daga cikin 'yar ƙofar.

Kwana ya wuce, wani ya wuce, ba kowa. Ko kyanwa ɗaya ba ta leƙo ba, wanda ya tabbatar da abin da na daɗe ina faɗa a kan warin rigar. Ranar da zazzaɓinka ya sauka, na dawo daga asibiti a jiƙe, na buɗe kicin. Yana kwance a kan rigar, ya cusa kansa cikin hannunta. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ya ɗago ya dube ni, ya ga ba kai ba ne, ya mayar da kai. Ni da na ce ba na son dabbar nan, na durƙusa a ƙasa da rigar ruwa a jikina ina ce masa sannu da zuwa.

Da ya ƙoshi ya huta, ya nufi ƙofarsa da taƙama ya sa kai. Ƙwas! Ya ja baya ya sake. Ƙwas! Ya juyo ya harare ni, irin hararar da kake yi in na ɓoye maka taba. Katakon Fresia bai ko motsa ba. Yanzu ya haƙura, yana kwana kusa da hita, yana shan maganinsa in na ɓoye shi cikin kifi. Likitarsa ta ce shi ma ya tsallake. Kyanwoyin maƙwabta suna shigowa jefi-jefi, in na ji motsi sai in buɗe musu babbar ƙofa in ce su gaida gida.

Na karanta saƙonka na jiya. "Ki gode musu. Yaya gwiwarki?" Na ajiye shi a cikin littafin addu'ata. Amma godiyar kai za ka yi da bakinka, gida gida, yadda kake bi kana buga ƙofofi. Jinin rabin tudun nan ne ke yawo a jikinka yanzu, har da na mahauci, don haka ka rage girman kai.

An ce Asabar za su sallame ka. Ascensor bai gyaru ba, masu gyaran mota sun ce a kujera za su hawo da kai, kuma ba shawararka suke nema ba. Don Heriberto ya sa an goge masa kwat ɗinsa. Ya ce zai tsaya a saman matakala, yana da magana ɗaya da ya daɗe yana tanadi, kuma ya roƙe ni in kawo maka na'urarka asibiti don kada ta wuce ka. Zan kawo. Za ka saka ta, ka ji, ka yi shiru.

Ɗazu Fresia ta shigo aron suga, ta tarar da ni tsaye ina duba babbar ƙofar gida, ina auna gindinta da tafin hannu. Ta ce, "Me kuma ya lalace?" Na ce babu, tambaya ce da ni. Na ce ranar Asabar akwai wani tsohon muzuru da zai shigo ta nan, ko tana da sauran katakon nan.

Ta ce ta ajiye mai kauri.

Sai ka zo. Rigarka na nan, ban wanke ba, mu biyu muna jira.

Taka har ƙarshen rai,
Zunilda